Wace addu'a ɗalibi zai riƙe idan jarrabawa ta gabato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, jarrabawarmu ta kusa. An turo mana saƙo a WhatsApp mai jerin addu'o'i: ta buɗe littafi, ta rufe shi, ta shiga ɗakin jarrabawa, ta karɓar takarda, da wadda ake yi idan amsa ta ɓace, kowacce da adadin da za a karanta, kuma aka ce daga Annabi (SAW) suke. Shin sun inganta? Sannan ni ina karatu, amma da na zauna a kujerar jarrabawa sai komai ya gudu daga kaina. Bara na yi addu'a sosai, duk da haka na faɗi darasi ɗaya, har na fara tunanin ko don karatuna ba na addini ba ne shi ya sa ba a amsa min ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya kafin ki tura saƙon gaba.

Babu hadisi ingantacce da Annabi (SAW) ya ware wata addu'a ya ce wannan ta shiga ɗakin jarrabawa ce, waccan ta karɓar takarda, ko a karanta kaza sau kaza idan amsa ta ɓace. Mutane ne suka tsara wannan jeri. In kika duba shi da kyau za ki ga gauraye ne: akwai ayoyin Alƙur'ani, akwai addu'o'in da suka tabbata daga Annabi amma ba a kan jarrabawa ya koyar da su ba, akwai kuma waɗanda wani ya zauna ya haɗa da kansa. Yawancinsu ma'anarsu ba ta da aibu, kuma wanda ya roƙi Allah da su a matsayin roƙonsa na ƙashin kansa bai yi laifi ba. Inda matsalar take shi ne a ce Annabi ne ya faɗa alhali bai faɗa ba, ko a ɗaure addu'a da wani lokaci da wani adadi a ɗauka cewa shari'a ce ta ɗaure ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Saboda haka kada ki tura saƙon a yadda yake. In kin san wanda ya turo, ki sanar da shi cikin ladabi, don mai yiwuwa alheri ya nufa.

Abin da ya tabbata ya ishe ki, har ya yi yawa.

Ki fara da abin da Allah da kanSa Ya umarci AnnabinSa ya faɗa, a Suratu Ɗaha aya ta 114: "Rabbi zidni ilma", wato Ubangijina Ka ƙara mini ilmi. Imamu Bukhari ya kawo wannan aya a farkon babin ilmi a littafinsa, kuma Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan hijira, ya ce a sharhinsa Allah bai umarci Annabi ya nemi ƙarin wani abu ba sai ilmi. Ina so ki karanta farkon ayar ma, don ya shafi halin da kike ciki. Kafin a ce masa ya roƙi ƙari, sai da aka ce masa kada ya yi gaggawa da Alƙur'ani tun ba a gama saukar masa da wahayin ba. Ibnu Abbas ya ba da labarin yadda Annabi (SAW) yake motsa laɓɓansa da sauri yayin da wahayi ke sauka, don kwaɗayin riƙe shi, har Allah Ya saukar a Suratul Ƙiyama cewa tara shi a ƙirjinsa yana wuyan Allah. Kin ga tsoron kada abin da aka koya ya kuɓuce tsoho ne, kuma maganin da aka bayar shi ne a natsu, a saurara da kyau, a roƙi Mai bayarwa.

Ummu Salama ta ce Annabi (SAW) idan ya sallame sallar Asuba yakan ce: "Allahumma inni as'aluka ilman nafi'an, wa rizƙan ɗayyiban, wa amalan mutaƙabbalan." Ya Allah ina roƙon Ka ilmi mai amfani, da arziki mai tsarki, da aiki karɓaɓɓe. Ibnu Majah da Ahmad suka ruwaito. In da za a ce in zaɓa wa ɗalibi addu'a ɗaya tak ya riƙe tsawon karatunsa, wannan zan zaɓa, domin tana da lokacinta wanda Annabi da kansa ya sa mata, kuma ta haɗa abubuwa ukun da ɗalibi yake nema ko ya sani ko bai sani ba: abin da zai koya, abin da zai ci da shi, da abin da zai tarar gobe ƙiyama. Akwai kuma wadda Tirmizi da Ibnu Majah suka kawo daga Abu Huraira: "Allahummanfa'ni bima allamtani, wa allimni ma yanfa'uni, wa zidni ilma", Ya Allah Ka amfanar da ni da abin da Ka sanar da ni, Ka sanar da ni abin da zai amfane ni, Ka ƙara mini ilmi. Sai ta neman tsari a Sahihu Muslim, daga Zaidu ɗan Arƙam: "Allahumma inni a'uzu bika min ilmin la yanfa'u, wa min ƙalbin la yakhsha'u, wa min nafsin la tashba'u, wa min da'awatin la yustajabu laha." Ina neman tsarinKa daga ilmin da ba ya amfani, da zuciyar da ba ta ƙanƙan da kai, da ran da ba ya ƙoshi, da addu'ar da ba a amsawa.

Ki lura, duk waɗannan ilmin kansa suke roƙo da amfaninsa. A nan ne nake ganin ɗalibai da yawa suke tauye kansu. Wata uku ana karatu ba su ce Allah Ya fahimtar da su ba, sai mako ɗaya kafin jarrabawa su tashi haiƙan suna roƙon maki. Roƙon cin jarrabawa halal ne, ki roƙa, ki ambaci darasin da sunansa, ki ce Ya Allah Ka ba ni nasara a kaza. Amma wanda ya tsaya a maki kaɗai ya nemi kaɗan a wurin Wanda taskarSa ba ta ƙarewa. Sau nawa muka ga wanda ya fito da sakamako mai kyau, bayan shekara a tambaye shi abin da ya karanta ya kasa cewa uffan? Ga takarda a hannu, amma ba shi da abin da zai amfanar da kansa balle wani. Daga irin wannan ake neman tsari.

Batun cewa karatunki ba na addini ba ne, ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa, Zaidu ya ce rabin wata bai cika ba sai da ya iya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan da idan al'umma gaba ɗaya ta bar su ta yi laifi. Gaskiya ne falalar da ta zo a kan malamai magadan annabawa ilmin shari'a take nufi, kuma akwai gwargwadon da ya wajaba kowane Musulmi ya sani na tauhidi da tsarki da sallah, ko me yake karantawa. Amma duk ilmin halal da za a yi wa bayin Allah hidima da shi, ko mutum ya ci halal ya tsare mutuncinsa, ilmi ne mai amfani. Ki gyara niyya, sai zamanki a kan littafi ya zama abin lada.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. A Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya ce: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. A numfashi ɗaya ya haɗa himma da roƙo, bai raba su ba, mu ma ba mu da ikon raba su. Mutumin da ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, cewa ya yi da shi: ɗaure ta, ka dogara. Imamu Muslim yana tsakiyar jero hadisan lokutan sallah, ya tattaro hanyoyinsu daga nan da can, sai ya tsaya ya sako maganar Yahya ɗan Abi Kasir, wadda ba ta da alaƙa da babin: ba a samun ilmi da hutun jiki. Masu sharhi suka ce wahalar da ake sha kafin a tara irin waɗannan ruwayoyi ce yake nuna wa mai karatu.

Mutane suna son labarin Abu Huraira, ni ma ina son sa. Ya je wurin Annabi (SAW) ya ce yana jin hadisai da yawa daga gare shi amma yana mantawa. Annabi ya ce shimfiɗa mayafinka. Ya shimfiɗa. Annabi ya kamfato da hannuwansa biyu kamar mai zuba wani abu a ciki, ya ce rungume shi. Ya rungume, ya ce daga nan bai ƙara manta komai ba. Wannan mu'ujiza ce da ta keɓanta da Annabi, babu wanda zai maimaita ta a yau. Amma a Sahihul Bukhari Abu Huraira ya faɗi ɗaya ɓangaren: 'yan'uwansa Muhajirai ciniki a kasuwa ya ɗauke musu lokaci, Ansar kuma aikin dukiyoyinsu, shi kuwa ya lizimci Annabi, yana halartar abin da ba su halarta ba, yana haddace abin da ba su haddace ba. Albarkar ta sauka ne a kan wanda ya riga ya zauna ya saurara. Haka almajirin Ibnu Taimiyya, wato Ibnu Abdil Hadi, ya kawo daga malaminsa cewa wani lokaci yakan duba tafsirai kusan 100 a kan aya ɗaya, sannan ya tafi masallatan da aka ƙaurace musu, ya sa fuskarsa a ƙasa yana cewa: Ya Wanda Ya sanar da Adamu da Ibrahim, Ka sanar da ni. Wannan lafazi na Ibnu Taimiyya ne, ba hadisi ba, kuma bai taɓa cewa hadisi ne ba. Ya nuna miki cewa mutum yana iya roƙo da kalmominsa, ya kuma nuna miki irin karatun da ke gaban roƙon.

Mantuwar da kike kuka da ita, sau da yawa daga salon karatun take tasowa. Wanda yake bin shafi da ido yana gyaɗa kai, ji yake ya iya, domin abin yana gabansa. A ɗakin jarrabawa kuwa babu shafin. Ki riƙa rufe littafin ki rubuta abin da kika karanta da ka, ko ki bayyana wa ƙawarki da baki tana riƙe da littafin, ko ki amsa tambayoyin shekarun baya kina kallon agogo. Inda kika tsaya cak, nan ne ba ki iya ba, kuma gara ki gano yau. Malaman hadisi da haka suka tsare ilminsu, suna zama su yi ta tunatar da juna. Alƙur'ani ma, duk da albarkarsa, Annabi ya ce a riƙa bibiyarsa, don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Ina ga lissafi ko kimiyya? Kuma ki raba bitar a kan kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokutan da aka fi sa ran amsawa sanannu ne: cikin sujada, sulusin dare na ƙarshe, tsakanin kiran sallah da iƙama, da sa'ar nan ta ranar Juma'a. A cikin sallah ki riƙe gajerun addu'o'in Larabci da kika haddace, domin malamai sun yi saɓani a kan roƙo da wani harshe a cikinta. Wajen sallah kuwa ki ɗaga hannu ki faɗa wa Ubangijinki damuwarki da harshen da kike kuka da shi. Ki fara da yabon Allah da salati ga Annabi. In kuma jarrabawar ta zo kina fashin sallah, ƙofar addu'a da zikiri a buɗe take gare ki, babu abin da ya rufe ta.

Daren jarrabawa ki yi barci. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi, ya kuma ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta. In sallar dare ake bari saboda barci, ina amfanin karatun da ido ke gani kai ba ya ɗauka? Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibin da zai kwana a kan littafi har barci ya sace shi dab da alfijir, ya farka rana ta fito. Ya bar farilla, sannan ya fita yana roƙon Wanda ya saɓa wa tun da sassafe. Kwanta da wuri, tashi ki yi Asuba a kan lokaci, ki yi bitarki ta ƙarshe bayanta, lokacin da Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikinsa.

Da za ki fita ki ce: "Bismillahi, tawakkaltu alallahi, la haula wa la ƙuwwata illa billah", addu'ar fita daga gida ce ta kullum. Kin zauna, an ajiye takarda a kife a gabanki, tafin hannunki ya jiƙe, kina jin bugun zuciyarki har a kunne. An ce a buɗe. Kin karanta tambaya ta farko, kamar ba ki taɓa jin ta ba. A nan ki ajiye biro, ki ja numfashi a hankali, ki ce a ranki ko a hankali yadda ba za ki dami na kusa da ke ba: "Allahumma la sahla illa ma ja'altahu sahlan, wa anta taj'alul hazna iza shi'ta sahlan." Ya Allah babu mai sauƙi sai abin da Ka sauƙaƙa, Kai ne kuma Kake mayar da mai wuya mai sauƙi in Ka so. Ibnu Hibban ya ruwaito ta daga Anas, kuma ta kowane al'amari ce da ya yi tsanani. Ko ki ce "Ya Hayyu Ya Ƙayyumu bi rahmatika astagisu", wadda Annabi yake faɗa idan abu ya dame shi. Sannan ki bar tambayar, ki karanta takardar har ƙarshe, ki fara da wadda kika fi sani. Da hannu ya fara tafiya, tsoron yakan lafa, abin da ya ɓuya ya fara dawowa. In jarrabawar ta baki ce, za ki tsaya gaban malamai, addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha aya ta 25 zuwa 28 ta dace ƙwarai: "Rabbishrah li sadri, wa yassir li amri, wahlul uƙdatan min lisani, yafƙahu ƙauli." Buɗa ƙirji ya roƙa, da sauƙin al'amari, da warware ƙullin harshe don a fahimci maganarsa, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna.

A daidai wannan lokaci ne kuma Shaiɗan yake zuwa da tayinsa. Takardar ta kusa da ke a buɗe take, mai sa ido ya juya baya. 'Yata, satar amsa haramun ce, ko a darasin addini ko a wani, ko ke kika karɓa ko ke kika bayar. Annabi (SAW) ya wuce wani tulin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Takardar shaidar da aka samu da satar amsa haka take, samanta kyau, cikinta ba abin da aka nuna ba, kuma da ita za a nemi aiki, a karɓi albashi, a riƙe lafiyar mutane ko tarbiyyar 'ya'yansu. Muslim ya ruwaito misalin matafiyin nan mai ƙura a jiki, gashi a hargitse, yana ɗaga hannu sama yana Ya Rabbi Ya Rabbi, alhali cinsa haram, shansa haram, tufarsa haram, Annabi ya ce ta ina za a amsa masa? Ba ya yiwuwa mutum ya ce Allah Ka sauƙaƙa mini, ga 'yar takarda a naɗe cikin hannun rigarsa. In kin bar tambaya ba amsa kin rasa maki ne kawai, kuma ana sake samunsa.

Sai faɗuwarki ta bara. Kada ki ce ba a amsa miki ba. Annabi (SAW) ya ce ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. A hadisin Abu Sa'id da Ahmad ya ruwaito, duk Musulmin da ya yi addu'ar da babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta, Allah zai ba shi ɗayan uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Sahabbai suka ce ashe sai mu yawaita. Ya ce abin da ke wurin Allah ya fi yawa. Hawayen da kika zubar bara suna nan a rubuce. Hadisin nan da ya ce ki yi himma kada ki gajiya, ƙarshensa cewa ya yi in wani abu ya same ki kada ki ce da na yi kaza da kaza ya faru, ki ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata. Yarda da ƙaddara kuma ba ta hana bincike. Ki je wurin malamin darasin ki tambaye shi inda kika yi rauni, ki duba ko lokaci ne ya ƙure miki, ko wani babi kika tsallake kina fatan ba zai fito ba. Abin da kika gano, da shi za ki fara bitar bana.

Kada kuma ki yi roƙon ke kaɗai. Addu'ar mahaifi ga ɗansa tana cikin ukun da hadisi ya ce ana amsawa. Ki samu mahaifiyarki da mahaifinki, ki gaya musu ranakun jarrabawar da darasin da ya fi ba ki tsoro, ki ce su sa ki a addu'a, in akwai abin da kika ɓata musu ki nemi gafararsu tun yanzu. Ke ma ki roƙa wa abokan karatunki a bayan idonsu, har da wadda kuke gasa da ita, domin Muslim ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa akwai mala'ikan da aka wakilta, duk sanda kika roƙa wa ɗan'uwanki alheri sai ya ce amin, ke ma kina da irinsa.

Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya ba ki ilmi mai amfani, Ya ba ku nasara ke da sauran ɗalibai.